Ka fara da lens, bodi ya jira

Wai hotunan da ka ɗauko a dinar nan sun fito da duhu da yashi-yashi, shi ne kake tambaya ko ka sayar da kyamararka Canon 600D ka cika ka sayi babbar kyamara. Matsalar za ta ragu, amma ba yadda kake zato ba, kuma ba can kuɗinka ya kamata su fara zuwa ba.

Me ke jikin kyamarar taka? Wannan lens 18-55 ɗin da ya zo a kwali. Kana jan sa zuwa 55 bakinsa ya tsuke ya koma f/5.6, kuma lambar f ɗin nan tana ƙaruwa hasken da ke shiga yana raguwa. Ɗaura mata 50mm f/1.8, hasken da zai shiga ya kusa ninki goma, kuma yana cikin lens mafi araha a wajen Canon. Ita babbar kyamarar da kake mafarki, wato ful firem, sensarta, abin da ke kama haske a cikinta, milimita 36 da 24 ce, taka kuwa wajen 22 da 15, wato ninki biyu da rabi da 'yan kai. Yi lissafin da kanka, ninki goma na lens da ninki biyu da rabi na sensa. Ƙari ma, 18-55 ɗin naka ba ya hawa ful firem na Canon irin 5D ko 6D, ka ga bayan kuɗin bodi, wato kyamarar ba lens, ga kuɗin lens na jiran ka. Kada kuma ka zo min da zancen megafiksel. Sony A7S da ta fito a 2014 ta yi suna wajen aikin dare, megafiksel 12 gare ta, taka 18.

Wannan magana ta babbar kyamara ma ita ta taɓa ja min asarar da har yau in na tuna raina ke ɓaci. Lokacin ana yayin 5D Mark II, wani Alhaji zai aurar da 'yarsa, ya ce shi lallai irin wadda ya gani a wani biki a Abuja yake so a yi masa aiki da ita. Ya ba da kafin alƙalami, ko rabi bai kai ba. Na je na yi hayar bodi da lens da kuɗin aljihuna, don a fita kunya. Muka isa zauren dina, masu ado sun kashe fararen fitilu sun bar shuɗi da ja, fuskar amarya kamar an tsoma ta a marina. Ana tsakiyar liƙi aka ɗauke wuta, inji ya ƙi tashi. Wallahi ta hayar nan a wuyana ta ƙare, don Alhaji ya gan ta ransa ya yi sanyi. Tsohuwar kyamarata na ɗauko, da 50 a jiki, na juya kan filasha sama tana dukan silin, hasken ya sauko a kan mutane a tausashe. Hotunan da suka fi kyau a daren nan duk ita ta ɗauke su.

Bayan biki ya aiko ƙaninsa, wai a tura musu a faifai Hajiya ta zaɓi na albom. Na bayar, don ganin girmansa. Shiru. Na je karɓar ciko, mutumin nan ya dube ni ya ce hotuna sun yi duhu, ai ya san ba da babbar na yi aiki ba, yaudarar sa na yi. Yana faɗa ina kallon bangon falonsa, ga hoton amarya da ango an buga shi ƙato an sa a firem, hotona, wanda na durƙusa a cikin duhu na ɗauka ana tattaka ni! Na ce masa Alhaji wannan fa? Wai wani ɗan'uwansu ne ya ɗauka. Haka na biya kuɗin haya, na biya yaran da suka riƙe min kaya, na tashi a tutar babu. Na bar shi da Allah, amma ban yafe ba. Shi ya sa kake gani ko memori ba na bari ya fita shagon nan sai kuɗi sun cika.

Ku yaran yanzu hoto bai yi ba, laifin kyamara ne. Mu da fim ɗin 400 muka yi bukukuwan dare, hoto 36 a nadi ɗaya, ba ka san me ka ɗauka ba sai an wanko. Kai kuwa ka bar ta a oto, ka yi ta ɓarin wuta, wai za a gyara a kwamfuta. Zancen ISO, wato saitin ƙarfin karɓar haske na kyamara, ba zan tsaya yi maka ba, wanda ya shekara a shagon nan bai san wannan ba gara ya koma kasuwa. Abu ɗaya dai: masu rawa kake ɗauka, kada shota, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, ta sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, in ba haka ba ko ta miliyan nawa ce dishi-dishi za ka kwaso.

Ranar Asabar akwai kamu bayan magariba, kai za ka je. Zan ba ka aron 50 ɗina da filasha, ka yi cajin batir tun Juma'a, kuma ka dawo min da lens da murfinsa.