Ɗana ba ya gani da magariba

Tambaya: Likita, ɗana mai shekara 4 da zarar rana ta faɗi sai ya riƙa tuntuɓe yana laluben bango. Da rana kuwa lafiyarsa ƙalau. Mene ne wannan? Daga wata uwa a Marwa, Kamaru.

Amsa: Hajiya, alamun dundumi ne, kuma galibi ƙarancin bitamin A ke jawo shi, musamman bayan ƙyanda ko gudawa mai tsawo. Ki duba farin idonsa. In akwai tabo kamar busasshiyar kumfa, abin ya fara nisa. Ki kai shi asibiti yau. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ana ba shi ƙwayar bitamin A mai IU 200,000 (IU ma'aunin ƙarfin bitamin ne) ranar farko, a ƙara washegari, sannan bayan mako 2. In aka yi sakaci har baƙin ido ya gyambace, ana iya rasa ganin har abada. Mai ciki kada ta sha wannan ƙwaya.

Sai abinci. Hanta ce kan gaba, ko sau ɗaya a mako, sai ƙwai, karas, mangwaro, gwanda, zogale da alayyahu. Amma ganye ba mai, rabin aiki ne, domin sai da maiƙo hanji ke tsotse sinadarin. Ki zuba cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja. Kada a soya manja har ya yi fari, amfanin yana cikin jan. Zogale kuma a shanya shi a inuwa, rana na cinye sinadarin.

Tun 2011 ake ƙara bitamin A a tataccen man girki a Kamaru, sai ki duba jikin kwalba kafin ki saya.