Amsata ga Gwaggo kan karatun aikin jarida

Assalamu alaikum warahmatullah. Gwaggo ina wuni, ya gida, ya jikin Baba Alhaji? Allah Ya ƙara sauƙi. 'Yan'uwa na wannan zaure ina gaishe ku baki ɗaya. Ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo, kuma za ku ji ƙarar janareta, tun la'asar aka ɗauke mana wuta.

Gwaggo na saurari saƙonki tun safe, ina aji ne shi ya sa ban amsa ba. Kin ce Auta ta dage sai ta cike Mass Comm, wato karatun aikin jarida, a JAMB, Baba Alhaji kuma ya ce aikin jarida ba ya ciyar da gida, yawo ne da janyo wa kai rigima, balle ga 'ya mace. Kika ce tunda na shekara guda a ciki in faɗa miki tsakani da Allah abin da na gani. To zan faɗa, da mai daɗin da marar daɗin.

Ni dai kin san abin da ya ja ni. Rediyon nan ta Babanmu da ke rataye a shago nan Agege, kullum da safe BBC Hausa, a juya Muryar Amurka, a juya Jamus. Na taso ina ganin aikin jarida murya ce kawai, ka zauna gaban makirufo ka karanta, duniya ta ji ka. Ashe kamar tuwo ne. Wanda aka ajiye wa malmala a kwano bai ga surfe ba, bai ga niƙa da tankaɗe ba, bai sha hayaƙin murhu ba. Karanta labaran shi ne malmalar, aikin kuwa yana can baya inda mai sauraro ba ya gani.

A zangon farko tarihi aka fi ba mu, kuma wallahi ya buɗe min ido. Jaridar farko a ƙasar nan da Yarbanci aka buga ta, Iwe Irohin, a Abeokuta 1859. Daily Times ta fara a nan Legas 1926, Azikiwe ya kafa West African Pilot 1937 ya riƙa caccakar Turawan mulki da ita. Tamu kuma, Gaskiya Ta Fi Kwabo, 1939 a Zariya, Alhaji Abubakar Imam ne editanta. Ranar da malaminmu ya ambace ta a aji, ni kaɗai ce Bahausa a wurin, ya ce in fassara musu sunan. Na fassara, kuma har na koma gida sunan nan yana min yawo a kai, don mutanen da suka raɗa shi sun san tun wancan lokaci cewa kwabo zai yi ta ja da gaskiya a wannan sana'a.

Amma inda na fara gane aikin sosai ba a aji ba ne. A hutun da ya wuce na samu wani gidan rediyo suka bar ni ina bin wata wakiliyarsu na sati shida, ba biya, koyo kawai. Rana ta uku edita ya ce tunda ina jin Hausa in je kasuwar Mile 12 in gano dalilin da tumatir ya yi tsada. Na yi sammako, na shiga bas ɗin BRT, na sauka, na tarar da wani dattijo ɗan gwari, muka gaisa, ya faɗa min kuɗin kwando, ya ce man mota ne ya jawo. Na naɗi muryarsa na dawo ina murna kafin azahar.

Edita ya saurara ya ce, to wa kuma kika tambaya? Na ce shi kaɗai. Ya ce kwandon babba ne ko ƙarami? Daga Kano aka ɗauko shi ko Jos? Nawa yake makon jiya? Direban da ya kawo kayan me ya ce? Matar da ke saye ta kasa a bakin titi ita kuma fa? Ba ni da amsa ko ɗaya. Ya ce abin da kika kawo hira ce, ba rahoto ba, gobe ki koma.

Na koma, Gwaggo, kwana biyu ina shiga taɓon kasuwar nan. Na zauna da direban tirela da ya kwana uku a hanya, ya lissafa min kuɗin gas, da shingayen da ake tsayar da su a karɓi na goro, da yadda in mota ta lalace a rana rabin kayan ya ruɓe kafin a iso. Wani dillali ya ce min ai damina ce, tumatirin rani na noman fadama ya ƙare, sabo bai shigo ba, duk shekara haka ake yi. Wani manomi da ya biyo kayansa ya ba ni labarin tsutsar nan da suke kira sharon, wadda ta cinye gonaki a 2016 har tumatir ya gagari talaka. Sannan na tsallaka wajen wata Bayarba mai kasawa, ita kuma ta ce kwandon da take saye sama kyau, ƙasa ruɓaɓɓe. Kin ga dalili ɗaya ya zama huɗu, kuma dole a sa maganarta ita ma ko da ba ta yi wa mutanenmu daɗi ba. Duk wahalar nan, abin da ya fita a iska bai kai minti biyu ba. Amma da na ji muryar direban nan a rediyo, yana magana da Hausarsa ana fassarawa, sai da na yi hawaye.

Abu na biyu ya shafe mu a nan zauren. Wata rana da yamma aka fara yaɗa bidiyo wai faɗa ya ɓarke tsakanin Hausawa da Yarbawa a wata kasuwa. Ni jikina har rawa yake, ina ce wa wakiliyar da nake bi, Anti mu sanar. Ta ce zauna. Ta kira shugaban kasuwar, ta kira kakakin 'yan sanda, ta kira wani mai shago da ta sani a wurin, ta kuma sa hoton bidiyon a Google ta bincika. Ashe tsohon bidiyo ne na shekarun baya, kasuwar lafiya lau ake ciniki. Mu da muka san rikicin da ya faru a Mile 12 a watan Maris na 2016, da na Shasha a Ibadan a 2021, mun san labarin ƙanzon kurege irin wannan yana iya jawo asarar rai kafin gari ya waye. Don Allah 'yan'uwa, kafin mu tura abu mu tambayi wa ya ɗauka, yaushe, a ina. Akwai ma masu wannan aikin na tantancewa musamman, irin su Dubawa, kuma shi ma fanni ne da ake ɗaukar ma'aikata.

To maganar Baba Alhaji ta kuɗi. Gwaggo ki gaya masa yana da gaskiya a wani ɓangare, ba zan ɓoye ba. Na ga wakilin da ya ce min yana bin gidan da yake wa aiki albashin watanni. Na je taron manema labarai inda aka gama aka bi kowa da ambulan, wai kuɗin mota. Aka miƙo min ni ma. Antin da nake bi ta girgiza min kai, muka fito. A cikin danfo ta ce min, ranar da kika karɓa, ranar kika sayar da tambayarki ta gaba, don ba za ki iya kallon idon mutumin ki tambaye shi abin da ba ya so ba. Ban zagi waɗanda suka karɓa ba, wasu da iyali kuma ba a biya su ba, amma abin ya tsaya min a rai. Manyan gidaje da kafafen ƙasashen waje suna biya da kyau, sai dai ƙofarsu ƙunci gare ta, sai wanda ya iya aikin da gaske. Wasu kuma da takardar shaidar karatun nan suke shiga hulɗa da jama'a a kamfanoni, ko talla, ko shirya bidiyo, ko su buɗe shafinsu a YouTube da Facebook. Wanda ke neman arzikin gaggawa dai gara ya kama kasuwa.

Haɗari ma akwai shi. Nan Ikeja aka kashe Dele Giwa, editan mujallar Newswatch, da bam a cikin wasiƙa ranar 19 ga Oktoba 1986, a gidansa. A 1984 an ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4. Mu kanmu mun ga yadda aka ƙona gidan talabijin na TVC a Oktoban 2020 lokacin EndSARS. Yanzu kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ce ake yawan kama 'yan jarida da ita. Amma doka ba gefe ɗaya take ba. Sashe na 22 na tsarin mulki ya ɗora wa 'yan jarida nauyin sa ido kan gwamnati, kuma tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, ka rubuta wa ma'aikata kana neman takarda, doka ta ba su kwana 7 su amsa. Da aka koya mana wannan sai na ce ina ma 'yan kasuwarmu sun san da ita.

Wannan ne ya kawo ni kan abin da ya sa nake goyon bayan Auta. Gwaggo, ki duba yawanmu a garin nan, Agege, Idi-Araba, Obalende, Mile 12, Alaba Rago, mayankar Oko-Oba. Naman da Legas ke ci da albasa da barkono ta hannun mutanenmu suke biyowa. Manyan kafafen yaɗa labarai na ƙasar nan kuma ga su a gefenmu, Guardian a hanyar Oshodi zuwa Apapa, Vanguard a Apapa, Channels a Isheri. Amma yaushe ake jin sunanmu a ciki? Sai an yi faɗa, ko an rushe kasuwa, ko an kama babura. Lokacin da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, an yi ta magana a kan yaran nan, amma 'yan kaɗan ne suka zauna da su suka ji inda za su nufa, da wa suke ciyarwa a gida. Ba lallai ƙiyayya ba ce. Wakilin da ba ya jin Hausa in ya shiga kasuwa, wanda ya iya buroka kaɗai zai samu, shi ma a tsorace zai amsa. Ni kuwa da na yi sallama na ce Baba sannu da aiki, sai a jawo min benci a kawo ruwa.

Auta an haife ta a nan, tana jin Hausa, tana jin Yarbanci kamar 'yar Mushin, ga buroka ga Turancin makaranta. Wallahi wannan jari ne da 'yan ajinmu da yawa ba su da shi. Kuma kada a ɗauka aikin Hausa sai an koma Kano ko Kaduna. Sashen Hausa na Rediyo Faransa a nan Legas aka buɗe shi a 2007, Muryar Najeriya ma tana da sashen Hausa. Sai dai ta gyara rubutun Hausarta tun yanzu, don mu 'yan Legas muna magana amma ƙa'idar rubutu tana ba mu wuya, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da haruffa masu lanƙwasa. Ta riƙa karanta Aminiya, ta riƙa fassara labari ɗaya kullum daga Turanci.

Batun 'ya mace kuwa, da hijabina nake zuwa ko'ina, ba wanda ya taɓa cewa in cire, in lokacin salla ya yi in nemi wuri in yi. Akwai aikin dare, gaskiya ne, akwai kuma masu maganar banza, manya ma, in sun ga yarinya da rikoda. Abin da Antin nan ta koya min shi ne ba na zuwa hira a ɗakin otal ko gidan mutum ni kaɗai, kuma kullum gida sun san inda nake. Sannan akwai labaran da namiji ba zai taɓa samu ba. Matan da ke cikin gidajen Agege, mai ƙosai, mai kitso, ungozoma, wa zai shiga ya ji damuwarsu in ba mace 'yar'uwarsu ba?

Makarantu kuma ba sai ta yi nisa ba, ga UNILAG a Akoka, ga LASU, ga Yabatech, ga makarantar koyon aikin jarida ta NIJ nan Ogba kusa da mu. Ta riƙe Turanci da Literature da kyau, sauran darussan ta duba littafin JAMB don kowace makaranta da abin da take nema.

Shawarata Gwaggo, kada a yanke hukunci yanzu. Ranar Asabar zan koma Mile 12, akwai aikin makaranta da zan yi kan mata masu tsintar barkono. Ki roƙa mana Baba Alhaji ya bar Auta ta bi ni, ta riƙe min rikoda, ta ga abin da idonta, in mun dawo ita da kanta ta faɗa muku ko har yanzu tana so. Mu haɗu ƙarƙashin gadar Pen Cinema ƙarfe shida na safe. Ta sa takalmin roba don taɓo, ta zo da littafi da biro biyu, kuma ta karya kafin ta fito. A gaishe min da Baba Alhaji da jiki. Sai na ji daga gare ki.