Tsohuwar majami'ar kankare tana yoyo: a ɗora mata kwano ko a gyara ta yadda take?

Tambaya: Salama a gare ku. Ni ne sakataren kwamitin gini na wata ƙaramar majami'a a Samaru. An gina ta a farkon shekarun 1960 da kankare. Rufinta dekin ne shimfiɗaɗɗe, bangon gefe na bulo mai huji-huji, tagogin luba ne, daɓen kuma tarazo. Yanzu tana yoyo, siminti yana ɓarewa daga ƙarƙashin dekin har rodi ya bayyana. Dattawa sun ce a ɗora rufin kwano mai tsini, a toshe hujojin, a sa tagogin alminiyam da tayil. Matasa kuwa sun ce ginin tarihi ne, kada a taɓa kamanninsa. Kuɗin da muka tara ba yawa. Da me za mu fara? Muna kuma so mu shirya ranar bikin ginin domin jama'ar unguwa, yaya za mu yi?

Amsa: Malam Sakatare, barka da ƙoƙari. A taƙaice, kuɗinku na farko na ruwa ne: ku hana shi shiga kankaren. Tayil da alminiyam da fenti su jira, wasunsu ma kada a yi su sam. Dattawa suna da gaskiya cewa ba za a ci gaba da sujada ruwa na ɗiga a kai ba, matasa ma suna da gaskiya, kuma ana iya biyan buƙatar kowa in an bi aikin daki-daki.

Kafin komai, maganar rai. Duk inda siminti ya kumbura a saman kan mutane, a janye kujerun wurin yau, a kewaye da igiya. In akwai tsagewa a jikin bim ko ginshiƙi, ko kun lura dekin ya lotsa a tsakiya, a kira injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya duba kafin Lahadi mai zuwa. Mutanen Zariya ba su manta da Agustan 2023 ba, lokacin da wani sashe na tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni ya rufta a kan masallata. Wancan ginin ƙasa ne, naku na kankare, amma tsagewa a abin da ke ɗauke da rufi ba a ɗaga maganarta zuwa taron kwamiti na gaba.

Abin da ke ɓare simintin kuwa ga shi. Sabon kankare yana da sinadarin alkali (kishiyar asid) mai ƙarfi, wajen 12.5 zuwa 13 a ma'aunin pH da ake auna shi da shi, kuma wannan alkalin ne ke hana rodi tsatsa. Iskar kabon da ke cikin sarari tana ratsa kankaren daga waje a hankali, shekara da shekaru, tana rage alkalin har ya sauko wajen 9. Ranar da ta kai ga rodi, kariya ta ƙare. Daga nan danshi kawai ake jira. Tsatsa tana cin wuri ninki biyu zuwa shida na ƙarfen da ta cinye, sai ta tura kankaren da ke kanta ya tsage ya faɗo. Yanayinmu yana taimaka wa ɓarnar: rani yana busar da kankare iska ta samu hanya, damina daga Mayu zuwa Oktoba ta kawo ruwan tsatsa. Gine-ginen wancan zamani kuma an so su siriri, sau da yawa kankaren da ya lulluɓe rodi bai wuce milimita 10 zuwa 15 ba, alhali yau ana neman 25 zuwa 40.

Kuna iya auna girman matsalar da kayan da ba su da tsada. A bi ƙarƙashin dekin da bim ana ƙwanƙwasawa da ƙaramar guduma. Inda ya yi ƙara tsam, lafiya lau. Inda ya yi ƙarar holoƙo, ya rabu da rodi ko da ido bai gani ba, sai a zagaye shi da alli. Yawanci abin da alli ya zagaye yakan fi abin da ya riga ya faɗo yawa, kuma a kansa za a yi lissafin kuɗi. Sannan a nemi fenolftalin, sinadarin da ke sauya launi in ya taɓa alkali, wanda ake samu a ɗakin gwajin kimiyya na makarantun sakandare: giram 1 a cikin mililita 100 na sifirit. A ɓantari sabon gefe na kankare, a hure ƙurar, a fesa nan take. Inda ya koma ruwan hoda mai haske, alkali yana nan. Inda bai sauya launi ba, iskar ta cinye shi. A auna zurfin ɓangaren da bai sauya ba, a gwada da zurfin rodi, a wurare biyar ko shida daban-daban.

Yanzu rufi, inda nan ne asalin cutar. Ku hau bayan an ɗauke ruwa da kwana ɗaya ku ga inda ya kwanta. Ruwan sama na milimita 50 a kan rufi mai murabba'in mita 200 lita 10,000 ne, kuma duka ta indararo biyu ko uku zai fita. In ganyen darbejiya da ƙurar hunturu da sheƙar tantabaru sun toshe su, rufin ya zama tafki. A yashe indararo da bututai, a tumɓuke duk tsiron cediya ko durumi da ya kama a lungu, har saiwarsa. A ƙara kafar ambaliya a jikin katangar rufin, 'yar sama da bakin indararo, domin ranar da suka sake toshewa. Daga nan a kankare tsohuwar kwalta gaba ɗaya. Zuba sabuwa a kan tsohuwa, abin da aka fi yi, yana kulle danshi ne a ciki, rana ta bugo shi ya kumbura ya fashe. A gyara gangaren da siminti da yashi yadda a kowace mita ɗaya zai sauka aƙalla santimita ɗaya da rabi zuwa ga indararo, a bar shi ya bushe sarai. Sai a shafa share-fagen kwalta, a liƙa shimfiɗar kwalta mai kaurin milimita 4 da wuta, gefe ya hau gefe santimita 10, ƙarshe ya hau ƙarshe santimita 15. A jikin katanga ta hau aƙalla santimita 15, a cusa bakinta cikin tsagi a like. Yoyo ya fi farawa daga wannan baki da kuma wuyan indararo, ba daga tsakiyar rufi ba. A zaɓi mai ƙananan tsakuwa a samanta, domin ranar Maris da Afrilu tana gasa baƙar kwalta tsirara. In an gama, a toshe indararo a tara ruwa santimita 5 na kwana biyu a duba ƙasa, amma sai injiniya ya yarda, domin wannan ruwan kilo 50 ne a kan kowane murabba'in mita. Aikin rani ne, a gama shi kafin ƙarshen Afrilu.

Game da kwanon da dattawa ke so, akwai tsaka-tsaki. In katangar rufin tana da tsayi, ana iya ɗora rufin kwano mara nauyi, mai ɗan gangare, a ɓoye a bayanta yadda mai tsayuwa a ƙasa ba zai gan shi ba. Wannan karɓaɓɓe ne, gobe ma ana iya cire shi. Dogon rufi mai tsini kuwa zai sauya ginin ya zama wani dabam, ga nauyin katako, ga iskar farkon damina da ke yaye irinsa, ga hujojin da za a yi wa dekin don ɗaure shi.

Sai ruwa ya daina shiga za a taɓa kankaren. A tokare bim ko dekin da katako ko ƙarfe kafin a fara sara. A sare ruɓaɓɓen har a kai lafiyayye, a bi rodi har inda tsatsa ta ƙare a ƙara santimita 5, a kuma shiga bayansa milimita 15 zuwa 20 yadda yatsa zai zagaya shi. Birkiloli da yawa suna goge fuskar rodi su bar bayansa, shi ya sa faci ke faɗowa bayan damina biyu. A yanke bakin ramin a tsaye, zurfin santimita ɗaya, kada a bar shi ya siranta kamar bakin wuƙa. A goge rodi da buroshin waya har ya yi haske. In tsatsa ta ci kamar kashi ɗaya cikin biyar na kaurinsa, injiniya ne zai faɗi yadda za a ƙara wani. A jiƙa ramin tun daren da za a wayi gari a yi facin, ya sha ruwa amma kada ya kwanta. Kwaɓin: kwano ɗaya na siminti, uku na wankakken yashi mai kaifi, da ruwan liƙi na SBR gwargwadon abin da aka rubuta a jikin jarkar. A danna shi da ƙarfi, hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita biyu. A rufe da jiƙaƙƙen buhu da leda kwana 7. A cikin hunturu faci yana iya bushewa ya tsattsage kafin la'asar, kuma wanda ya bushe da wuri bai yi ƙwari ba ko da ya yi kyau a ido.

Launi shi ne abin da ya fi wuya. In kankaren tsirara aka bar shi tun asali, da shatin katakon da aka zuba shi a ciki, wannan shatin ado ne da gangan. A yi faci na gwaji guda uku a gefen da ba a gani, kowanne da yashi dabam, a jira sati biyu zuwa huɗu, a zaɓi wanda ya fi kusa. A danna guntun katako a kan ɗanyen faci domin shatin ya ci gaba. Kada a yi wa bangon filasta, kada a shafa fentin mai, domin yana hana bango fitar da danshi. Akwai ruwan silen mara launi da ke hana ruwa shiga ba tare da toshe numfashin bango ba, shi ya dace. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: bango mai tabon shekaru ya fi bangon da aka lafta wa fenti yana ɓarewa.

Bulo mai huji da luba ba kwalliya kawai ba ce. Su ne na'urar sanyaya ginin. Masu zanen wancan zamani, irin su Maxwell Fry da Jane Drew da suka zana Jami'ar Ibadan, sun gina ne domin iska ta shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, haske ya shigo ba tare da zafin rana ba. In kuka toshe, kun ɗaura wa ikilisiya kuɗin iyakwandishan da man janareto har abada. Ƙura da sauro da jemagu, raga ta ciki ta ishe su, da labule mai kauri da za a sake a watannin sanyi. Bulon da ya fashe, a ɗauki lafiyayye a kai wa mai buga bulo ya buga irinsa. Tarazo kuma a goge shi da inji ya dawo sabo. Kada a wanke shi da asid, yana cinye tsakuwar da simintin. In akwai silin ko kwanon asbesto, kada a fasa, kada a huda, kada a share ƙurarsa a bushe, domin tana illa ga huhu. In dole a cire, a jiƙa, a sauke shi ɗungurungum, masu aiki da takunkumi na gaske. Wayoyin lasifika su bi ta bututu a saman bango, ba a sassaƙa kankare ba. A ware kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin domin abin da sara zai tono.

Kafin guduma ta taɓa ginin, a ɗauki hotonsa lungu-lungu, a auna shi a zana. A nan kun yi sa'a, Sashen Zanen Gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda shi ne mafi daɗewa a ƙasar nan, yana maƙwabtaka da ku, kuma auna tsofaffin gine-gine aikin ɗalibai ne. Ku rubuta wa shugaban sashen wasiƙa. Ku binciko takardun taron dattawa na farko da rasit da hotunan aure, domin su ne za su nuna asalin launin ƙofa da fasalin bagade. Ku aika kwafi ga Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, amma kada gyaran rufi ya jira amsarta.

Biki kuwa, a sa shi bayan an gama rufi, ranar Asabar da safe lokacin da haske ke ratsowa ta hujojin, domin abin da za a nuna wa mutane ke nan. A gayyaci mai unguwa da limamai da makarantun kusa, a sanar cewa ranar kallon gini ce, kowa na iya shiga. A kafe zanen ɗalibai da tsofaffin hotuna, tsofaffin da suka ga aikin ko suka ɗebi yashinsa su yi magana a naɗi muryarsu, birkilan da ya yi gyaran ya nuna gwajin fenolftalin, yara su zana fasalin bulon. Mai jawabi ya gaya wa dattawa cewa majami'ar kankare da mai zanen gine-gine Le Corbusier ya zana, aka kammala a Ronchamp ta Faransa a 1955, ta shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2016, kuma Demas Nwoko, mai zanen gine-gine ɗan Najeriya, wanda a Zariya ya yi karatu ya kuma zana majami'ar Dominikan ta Ibadan, ya karɓi babbar lambar yabo a baje kolin gine-gine na birnin Benis na Italiya a 2023. In da hali, a haɗa da ziyara zuwa Cocin St. Bartholomew na Wusasa, ginin ƙasa irin na Hausa tun wajen 1930, domin mutane su ga yadda magina biyu suka magance zafi guda da kaya dabam. A ranar ne kuma za a naɗa mutum biyu masu hawa rufi sau biyu a shekara, Afrilu da Nuwamba, a ba su littafi su riƙa rubuta abin da suka gani da kwanan wata.