Tuwo na ƙarewa, kuɗin cefane ba ya dawowa

Wata baiwar Allah mai sayar da tuwo kusa da Tashar Dukku a Gombe ta aiko da tambaya: "Malam, kullum sai na sayar da tuwona tas, amma da safe kuɗin cefane ba ya cika. Tumatir da nama sun fi ƙarfina. In na tsinka miya masu saye su gudu, in na ƙara kuɗi su yi ta mita. Ina mafita?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan kowane kwandon kayan miya. Amma ina zargin ɓarakar tana cikin ludayinki. Malmala tana da farashi, miya kuwa da ido ake zuba ta, kuma duk wanda ya ce "Hajiya a ɗan ƙara" sai a ƙara masa.

Gobe ki ƙirga. A ce cefane da gawayi da niƙa sun ci naira 12,000, tukunyar kuma ta ba da ludayi 80. Kowane ludayi naira 150 ke nan. Direban da aka ƙara wa sau biyu ya tafi da 300 bai biya ba, wataƙila ribar kwanon ke nan gaba ɗaya. Ki tsayar da ludayi guda na awo, ki koya wa yarinyar da ke taya ki. Ƙari na farko ki bar shi don riƙe ciniki, na biyu da kuɗinsa.

Tsinka miya kuwa kada ki fara. Mai cin tuwo yana yafe ƙarancin nama, ba ya yafe miya salam. Kaurin miya a nan Gombe ba sai da tumatir ba, domin ƙasar wake ce da gyaɗa. Ki surfa wake ki cire ɓawon, ki dafa shi ya narke, ga miyar wake da manja kaɗan. Kabewa da alayyafo da yakuwa da niƙaƙƙiyar gyaɗa su ba ki taushe. Kuka da busasshiyar kuɓewa daddawa suke so da barkono. Waken da gyaɗar ki riƙa ɗaukowa a kasuwar Tudun Hatsi da mudu, lokacin kaka in da hali, maimakon ƙullin leda na unguwa da ake tsuga masa riba. Ki dai tsince gyaɗar da ta yi fumfuna, tana ɗaci kuma tana cutarwa.

Batun nama, ki shirya da mahauci ɗaya ya riƙa ajiye miki ƙashi mai ɓargo. Romonsa ne zai ɗauki tukunyar. Tsokar ki soya ta daban, yanka da farashinsa, mai so ya saya. Kan busasshen kifi da gutsattsarinsa sun fi araha, in aka daka ƙamshin ɗaya ne.

Tumatir kuma lokaci gare shi. Daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da masu noman rani irin na Dadin Kowa ke kwasa, yakan faɗi warwas. Da damina yake tashi, balle in tsutsar sharon mai cinye tumatir ta shiga gonaki kamar yadda ta yi a 2016. In kina adashi, ki nemi kwasarki ta faɗo a watannin arahar, ki sayi kwanduna ki yanka ki shanya a kan tabarma mai tsabta, haka ma tattasai. Sai ya bushe ƙayau kafin a ɗure shi a buhu.

Miyar gyaɗa da ta wake ba sa jure zafin Gombe, in suka kwana sai su yi tsami. Ki yi su daidai cinikin rana, ki bar kuka ta riƙe na dare.