Akwatin sassaƙa na ajiye gwala-gwalai: tsoho ne, ko tsufa aka yi masa?

Tambaya: A wani shago a Jidda na ga ɗan akwatin katako mai sassaƙar furanni da zanen tagulla. Mai shagon ya ce daga Indiya yake, ya haura shekara ɗari, kuɗinsa kuma ya ninka na sauran sau biyar. Zan koma Umara, yaya zan gane gaskiyarsa?

Hajiya, irin wannan akwati galibi daga Saharanpur yake fitowa, wani gari a jihar Uttar Pradesh, kuma da itacen shisham ake yin sa. Har gobe ana sassaƙa su a can da furannin nan da ganyen inabi da kakanni suka yi, don haka zane ba ya faɗin shekaru. Abin da ke faɗi yana wuraren da mai sayarwa bai so ki duba ba.

Ki kife shi. Idan gindinsa filawud ne sabo fil, ko katakon MDF, wanda ake yi da garin katako da aka matse da gam, magana ta ƙare, domin sai a shekarun 1960 aka fara yin MDF. Sai ki buɗe ki dubi sukurun da ke riƙe da hinji. Mai kan gicciye bai bazu ba sai ƙarshen shekarun 1930. Ana iya canza sukuru a tsohon akwati, amma za ki ga tsohon rami ko inuwar hinjin farko a jikin katakon. In babu, sukurun da akwatin sa'o'in juna ne. Mai tsaga ɗaya kuwa ba shaidar tsufa ba ne, ana sayar da shi har yau.

Tsufan gaskiya ba ya game jiki bai ɗaya. Bakin murfi inda yatsu ke kamawa, da kusurwoyi, da tudun furanni, su ne ke gogewa su yi santsi, datti kuma ya taru a cikin lunguna. Wanda aka yi wa tsufan ƙarya baƙinsa ɗaya ne ko'ina. Ki goga farin hankici a gefe: idan ya ɗebo launi, ko kika ji warin man goge takalmi, an yi masa kwalliya ne. Har ramukan ƙwari ana hudawa da gangan. Ki zura allura: ramin ƙwaro yana lanƙwasawa a ƙarƙashin fatar katako, na ƙusa kuwa miƙewa yake sak.

Ga sassaƙar kanta, ki haska tocilar waya daga gefe. Aikin hannu yana barin sawun cizal a ƙasan zane, kuma fure biyu ba sa zama daidai wa daida. Na inji zurfinsa ɗaya, ƙasansa a mulmule. Idan kika ga ƙananan kumfa a lungu, ba katako ba ne ma, roba ce aka zuba a mazubi.

A kasuwar tsofaffin kaya, sai abu ya kai shekara 100 ake kiransa kayan tarihi. Hatimin da ke ambaton Indiya ta mulkin Birtaniya yana nuna kafin 1947. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo na shekarun 1960 da 1970 ne, lokacin da aka yi ta fitar da su zuwa Turai da Amurka. Suna da kyau da ƙwari, amma ba su kai ninki biyar ba. Ki yi ciniki a kan kyawun aikin, ki bar masa shekarun.

Tambaya: An kawo mini akwati an ce na itacen sandal ne. Da farko ƙamshi ya cika ɗaki, bayan wata huɗu ya ɗauke.

Ƴar'uwa, da alama man sandal aka shafa wa wani farin katako. Sandal na gaske, wanda masassaƙan jihar Karnataka suka yi suna da shi, ƙamshinsa a cikin zuciyar itacen yake. Ba ya cika ɗaki, amma yana daɗewa shekaru da yawa. Ki murza cikin murfin da yatsa har ya yi ɗumi, ko ki ɗan kankare wani ɓoyayyen wuri da bakin reza. Na gaske zai tashi da ƙamshin nan da kika sani a turaren wuta, na jabu kuwa warin katako kawai. Kafin saye, a kwantar da farar takarda a ciki na ɗan lokaci; tabon maiƙo alama ce ta shafe. Sandal itace ne mai tsada da ake sayarwa da awo, shi ya sa akwatunansa ƙanana ne. Babba mai araha, a yi shakkarsa.

Tambaya: Mahaifina ya bar akwati mai fararen ɗigo-ɗigo da ya sayo a Alƙahira. Wasu sun ce hauren giwa ne. Zan iya kai wa ƴata a Ingila?

Malam, Allah ya jiƙan mahaifi. Akwatunan kasuwar Khan al-Khalili ta Alƙahira da na Dimashƙ yawanci da ƙashi ake ƙawata su, da ɓawon nan na teku mai ƙyalli da Larabawa ke kira sadaf, sababbin masu araha kuma da roba. Ka sa gilashin ƙara girma. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo ko gajerun layuka masu duhu, hanyoyin jini ne na da. Haure ba shi da su. Inda aka yanke shi a kwance za ka ga layuka suna gicciye juna kamar saƙar raga. Sadaf yana da sanyi a leɓe, launinsa na sauyawa in ka juya shi, kowane yanki da nasa. Roba duk iri ɗaya ce. Kada ka bi shawarar masu cewa a ɗana allura mai zafi: tana barin tabo, kuma tsohuwar robar seluloyid tana kamawa da wuta nan take.

Idan haure ne, ka bar shi a gida. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, ko na gado sai da takardar izini, in ba haka ba kwastan su ƙwace. In ƙashi ne da sadaf, naɗe shi da tawul ka sa a jakar hannu.

Tambaya: Da hunturu ya shigo murfin akwatina ya tsage, yanzu kuma ina ganin gari-gari a ƙarƙashinsa.

Matsaloli biyu ne, Hajiya. Katako yana son laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, hunturun Kano kuwa yana sauke ta ƙasa da 20. Katako na tsukewa ta faɗinsa, ba ta tsawonsa ba, to inda gam ko ƙusa suka riƙe shi sai ya tsage. Kada ki ɗura masa sufa-gulu. Da damina tsagar za ta nemi rufewa, ta tarar da abu mai tauri a ciki, sai ta buɗe wata a gefe. Ki ɗauke shi daga taga da gaban na'urar sanyaya ɗaki, ki sa shi cikin wadrob a tsakanin tufafi, inda iska ba ta saurin sauyawa. Idan adon ya ɓamɓaro, ki adana guntayen a ambulan, kafinta ya mayar da su da gam na fata, wanda ruwan ɗumi ke sakewa in an so gyara nan gaba.

Garin nan shi ya fi gaggawa. Ki share, ki ɗora akwatin a kan baƙar takarda na mako biyu. Idan sabon gari mai haske ya zubo daga ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2, ƙwarin suna raye. Ki ware shi daga sauran kayan ɗaki. Akwatin katako zalla ana ɗaure shi a leda biyu, a matse iskar, a sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako biyu, sannan a bar shi kwana guda a cikin ledar kafin a buɗe, don raɓa ta sauka a kan leda. Wannan sai inda wuta ba ta ɗaukewa, domin sanyin da ke zuwa yana tafiya ba ya kashe su. Mai adon sadaf, ƙashi ko fenti ba ya shiga firiza. Kananzir da fiya-fiya kuwa tabo suke bari, ba sa kaiwa inda tsutsar take.

Tambaya: In sa a goge shi da samfefa a yi masa banish kafin in zuba sarƙoƙina?

A'a. Samfefa tana cinye kaifin sassaƙa da launin da shekaru suka ba shi, darajarsa ta faɗi. Buroshi mai laushi ya isa, sai ɗan kakin zuma sau ɗaya a shekara, a bar shi minti 20 a goge da auduga. Ban da man gyaɗa ko na zaitun, suna yin ɗanko su kama ƙura.

Gwal ba ruwansa da katako. Azurfa ce ke baƙi idan shimfiɗar cikin ta ulu ce ko akwai roba mai talewa, saboda sinadarin sulfa da suke fitarwa. Murjani da lu'ulu'un teku kuma tsamin da wasu katakai ke fitarwa a rufaffen wuri yana dusashe su. Ki sa kowanne a ƴar jakar farin yadin auduga da aka wanke, sannan ki jera su a ciki.