Ƙafa ta yi nauyi, gudu ya ja baya

Tambaya: Maigida, wata biyu ke nan ina ƙara kilomita a kan keke saboda gasar tsere, amma gudu sai baya yake yi. Tudun da nake hayewa da babbar giya, yanzu sai na sauke. In ƙara ƙaimi ne?

Amsa: A'a, ɗana, sauka za ka yi. Atisaye yayyaga tsoka yake yi, abinci da barci ke ɗinke ta, kai kuwa ka hana ɗinkin.

Fara da bugun zuciya. Da asuba, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga minti ɗaya cif, ka rubuta. In ka saba ganin 52, sai ga 60 kwana uku a jere, jiki bai huce ba. Akwai wata alamar da ke yaudarar 'yan tsere: kana kan tudu, cinya na ci da wuta, amma bugun da ke kai 180 ya tsaya a 165. Sai yaro ya yi murna wai ya ƙware, alhali gajiya ce ta danne shi. Haɗa da barcin da ke yankewa tsakar dare, saurin fushi, mura a kai a kai, da ƙyashin ko kallon keken.

Kafin komai, je asibiti a gwada jininka. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini suna zuwa da irin waɗannan alamun. In akwai zazzaɓi, kada ka taɓa feda sai ya tafi, don yana iya taɓa tsokar zuciya.

In jini lafiya lau, jingine keken kwana uku zuwa biyar. Sannan ka yi mako guda kana fita minti 45 zuwa awa ɗaya a giya mai laushi, gudun da za ka iya hira ba haki. Ƙafa ta dawo cikin mako biyu, to gajiya ce kawai. Ba ta dawo ba, abin ya yi nisa, yana iya cin watanni, kuma gasar bana sai haƙuri.

Yawanci ma yunwa ce a ƙasan matsalar. Fitar da ta wuce awa ɗaya da rabi tana son giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari duk awa, wato kamar abin da ke cikin ayaba biyu. Da ka sauka, ci shinkafa ko tuwo da ƙwai, wake ko nono. Hau sikeli kafin fita da bayan dawowa. Duk kilo ɗaya da ya zube, sha lita ɗaya da rabi da ɗan gishiri, musamman a zafin Maris da Afrilu. Da azumi, bar aiki mai tsanani sai bayan buɗa baki.

In ka koma, ranakun wuya kada su wuce biyu a mako, kuma bayan kowane mako uku, ka rage rabin aikin a na huɗu.