Farawla 500 da har yau ba a biya ni kuɗinsu ba

Wa alaikumus salam yaro, na ga saƙonka tun jiya da daddare, ban amsa ba ne don raina ya ɗan ɓaci da na karanta, ba kai ka ɓata min ba, wani abu tambayar taka ta tuna min. Ka ce ka gwada yin farawla, jan ɗan itacen nan da Bature ke kira strawberry, mai rigar cakulan a gida don sunan ɗan yayarka, kashi na farko cakulan ɗin ya dunƙule maka a kwano ya koma kamar tuwo, kashi na biyu ya yi amma da gari ya waye ka buɗe firij ka tarar ya yi fari-fari, ga jan ruwa kwance a ƙarƙashin kowacce, kana tambaya wai ko cakulan ɗin da ka saya ne mara kyau.

Cakulan ɗinka lafiya lau yake. Ruwa ne ya kashe ka, duka sau biyun. Wata nawa kana tsaye kusa da ni a shago kana ganin yadda nake goge kwano da cokali sau biyu kafin su taɓa cakulan, ka ɗauka tsirfa ce ta tsufa? Ɗigo ɗaya in ya faɗa cikin narkakken cakulan sukarin da ke ciki zai jiƙe ya manne da juna, shi ke nan ya dunƙule, kuma tururin tukunya ma ruwa ne, jiƙaƙƙiyar farawla ma ruwa ce. Na san abin da ka yi ko ban gani ba, ka wanke farawla ka ɗan girgiza ta ka tsoma, don sauri kake ka ɗauki hoto. Matsalarku ke nan yaran yanzu, kun kalli bidiyon minti ɗaya a TikTok kun ɗauka kun gama sana'a, ba ku san an yanke awa biyun da aka yi ana jiran ta bushe ba. Ni shekara uku na yi ina wanke tire a wurin wani mu'allim ɗan Sham a nan Jidda kafin ya bari hannuna ya taɓa cakulan, yau kuwa yaro sati biyu ya fara tambayar yaushe zai buɗe nasa.

Ba zan tsaya koya maka yadda ake wanke farawla ko yadda ake riƙe ta a tsoma ba, wannan ko yarinyar da ke tallan gyaɗa ta sani. Abin da nake so ka riƙe shi ne ita farawla sama da kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, kana sa mata riga ta fara neman hanyar fitar da shi, don haka abin yini ɗaya ne, a yi yau a ci yau. Wanda ya ce maka yana ajiye ta kwana uku tana nan garau to bai taɓa sayarwa mutum mai baki ba.

Bari ka ji yadda na koyi wannan da kuɗina. Shekarar 2016 ne, bayan Hajji da kamar sati biyu, ƙarshen Satumba, ka san Jidda a wannan lokacin, in ka fito daga mota tabarau ɗinka sai ya rufe da raɓa, iskar kanta jiƙe take. Wata Hajiya ta zo ta hannun ƙawar matata, za ta aurar da 'yarta a wani ɗakin biki a unguwar Harazat, tana son farawla 500, rabi baƙin cakulan rabi fari da zane a kai. Muka yi ciniki riyal 6 kowacce, riyal 3,000 ke nan, ta ba ni 500 kafin alƙalami ta ce sauran ranar biki. Na karɓa don ina ganin 'yar gida ce, Hausa muke yi da ita, ta ma san unguwarmu a Kano.

Lokacin ba kakar farawla ba ce. Ta Masar mai araha sai sanyi ya shigo take cika halaga, wato kasuwar kayan lambu, daga wajen Disamba zuwa Maris, don haka ta Amurka na saya wadda ake kawowa a jirgi cikin ƙananan robobi, na bi manyan kantuna har uku ina ɗaga roba ina duba ƙasanta ɗaya bayan ɗaya, kilo 15 na haɗa don na san sai na zubar da wasu. Na sayi cakulan Callebaut na Beljiyam jaka uku, ban yarda na sa mata na bogi ba, ga kwalaye ga takarda. Sama da riyal 1,500 na kashe, kuma wallahi kuɗin da na tara ne zan tura gida a gyara rufin ɗakin mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, na ce bari in juya su sati ɗaya su dawo da riba.

Yarjejeniyarmu ita ce in yi aikin ranar Alhamis da rana, direbanta ya zo bayan Isha ya ɗauka, tunda ka san bikin nan ba a buɗe abinci sai dare ya raba. Ranar Laraba da safe sai ga waya, wai direba ba zai samu sarari gobe ba, zirga-zirgar amarya ta yi yawa, in taimaka in gama yau a ɗauka da daddare. Na ce Hajiya wannan abin ba ya kwana. Ta ce haba Malam, ai akwai firij, ta haɗa ni da Allah, ta sa matata ma ta yi min magana. Na yarda. Nan ne kuskurena, kuma har yau in na tuna sai na ji zafi a ƙirjina, don na san gaskiya na bari kunya ta rufe min baki.

Na kunna mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tun Azahar na rufe ɗaki, na hana yara shiga, ni da matata muka yi ta yi har bayan Isha. Yaro, ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba, suna ƙyalli kamar madubi, in ka ciza ka ji ƙas. Da direba ya zo na tsaya a bakin mota na faɗa masa, na kuma kira ta na maimaita: firij na ƙasa, ba firiza ba, kar a rufe da leda, kar a sa a but ɗin mota, kar a fito da su sai ana dab da ci. Ta ce in sha Allahu, duk ta ji.

Ƙarfe biyu na daren Alhamis wayata ta yi ƙara. Ban ma gama sallama ba ta hau ni da faɗa, wai na kunyata ta gaban dangin ango, na sayar mata ruɓaɓɓen kaya, ta turo hoto. Na kalli hoton na gane komai nan take, cakulan ya tsage, ya yi furfura, farawla ta saki jiki ta zama lugub, jan ruwa ya ɓata farin kyallen tebur. Farawlar da ta kwana a firij kawai ba ta yin haka. Wannan sai wadda ta daskare ta narke, don ƙanƙara tana fasa naman ɗan itacen daga ciki, tana narkewa ruwan ya tsiyaye. Na ce Hajiya firiza aka sa su. Ta rantse ba a sa ba, ta ce in ma ina da kunya in dawo mata da 500 ɗinta.

Bayan kamar wata ɗaya na haɗu da direban a masallaci, yaron kirki ne ɗan Nijar, shi da kansa ya ja ni gefe ya ce Baba ka yafe min, firij ɗin gidan ya cika da nama da lemo, Hajiya ta ce a zuba su a firiza a naɗe da leda, washegari kuma tun Magariba aka kai su aka jera a tebur kusa da ƙofar da ake ta buɗewa. Ƙawar matata da ta je bikin kuma ta ce duk da haka an cinye fiye da rabi, yara har da cikawa a kofi. Na kai magana wajen dattawan unguwa, aka kira mijinta, aka sha shayi, aka ce in yi haƙuri, zumunci ya fi kuɗi. Ba inda zan kai ƙara, don a ɗakina na yi aikin ba da sunan shago ba, ba rasit ba komai, kuma ita ta san haka sarai, shi ya sa ta yi. Riyal 2,500 ɗina suna wuyanta har yau, sai da na ci bashi kafin aka yi wa tsohuwa rufin nan. Na ganta a Harami bara cikin azumi, ta sunkuyar da kai ta wuce. Ni ban yafe ba, kar ma wani ya zo min da wa'azi a kan wannan.

To farin da ka gani a naka, ƙanin wancan ne. Ka sa su a firij mai sanyi sosai ka rufe ruf, ko ka fito da su cikin iska mai ɗumi, sai suka yi gumi, gumin ya narkar da sukarin saman cakulan, da ya bushe ya bar farin nan mai gautsi. Akwai kuma wata furfurar daban, ta man koko, wato man 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su, ita wannan tana fitowa ne in ba ka hori cakulan ɗin ba, abin da ake kira tamfarin, kuma ina da tabbacin ba ka yi ba don na san ka da gudun ma'aunin zafi. Baƙin cakulan ka narkar da kashi biyu cikin uku ya kai digiri 45 zuwa 50, kwano a kan tukunyar ruwan zafi wadda ka riga ka kashe wa wuta, gindin kwanon kar ya taɓa ruwan. Ka sauke, ka goge gindin kwanon, ka riƙa zuba ragowar kashi ɗayan kaɗan-kaɗan kana juyawa har ya sauko 31 zuwa 32, a nan ake aiki. Mai madara 29 zuwa 30, fari 28 zuwa 29, kuma shi fari kar ka bari ya wuce 45 wajen narkarwa, saurin ƙonewa gare shi. Ka shafa kaɗan a bakin wuƙa ka ajiye, in ya kama cikin minti uku zuwa biyar yana ƙyalli to ya horu, in har yanzu yana danƙo ka sake. Dalilin wahalar nan shi ne man koko yana daskarewa iri-iri, iri ɗaya ne kawai mai ƙyalli da ƙas, shi ne kuma yake narkewa wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, shi ya sa na kirki yake narkewa a harshe.

Na san abokanka za su ce maka wa ke wannan wahalar, ka sayi kwamfawun kawai. Shi wannan an cire man koko an sa man kwakwar manja, ba ya buƙatar horo, narkar ka tsoma, amma yana barin maiƙo a dasashi kamar ka tauna kyandir. In don yaran gida ne ba laifi. Abin da ba zan lamunta ba shi ne ka sayar da shi da sunan na Beljiyam, tun da koko ya yi tsada a 2024, tan ɗaya ya haura dala 10,000, yara da yawa a garin nan haka suke yi, suna ɗaura ribon a kwali suna karɓar kuɗin na asali. In na ji ka yi haka kar ka ƙara cewa a wajena ka koya.

Ita farawlar kar ka tsoma ta da sanyin firij, ka fito da ita ka shimfiɗa a kan tawul ta bushe ƙarau ta dawo daidai da ɗaki, har ƙarƙashin ganyen ka bi ka goge don nan ruwa ke ɓuya. Kar ka cire ganyen, kar ka soka mata tsinke, duk inda ka huda nan za ta zubo. Wadda ta ɗan dagargaje ko ta nuna da yawa ka ba yara su ci. In ka hau Ɗa'if ka samu ta gonakin Hada, ta fi ƙamshi nesa ba kusa ba, amma ba ta jure ajiya, ranar da ka sauko da ita ranar za ka yi aiki. Ka jera a kan takardar gasa kek a ɗaki mai mukayyif wajen digiri 20, in cakulan ya horu da kansa zai kama, in dole sai firij to minti goma ya isa.

Wancan da ya dunƙule maka ina fata ba ka zubar ba, ka tafasa madara mai kauri ka zuba masa kaɗan-kaɗan kana juyawa, zai saki ya zama miyar cakulan ta zubawa a kek, ba dai zai ƙara yin riga ba. Kuma tunda na ji kana cewa matan da suka zo suna sun fara tambayarka ko kana karɓar oda, duk wadda ta zo ta biya kuɗinta cif kafin ka sayi ko roba ɗaya, ta turo a rubuce ranar da za a ɗauka da sa'ar, in ta ce a kawo ana gobe ka ce Baba ya hana, ko da ƙanwar babarka ce. Ranar Asabar ka zo shago da wuri da kwanon da ka yi aikin da cokalin, ina so in ga ko na katako ne, don shi ma yana riƙe ruwa.